Shirun Mai Sayarwa: Cinikin Babur na Hannu a Ma'aunin Fiƙihun Malikiyya

Babur na hannu, wato wanda wani ya riga ya hau ya more kafin ya sake shiga kasuwa, yana cikin kadarorin da suka fi yawan sauya hannu a ƙasar Hausa, kuma galibin cinikinsa ana ƙulla shi ne tsakanin mutum biyu a ƙofar gida ko a gindin inuwar makaniki, inda babu shagon da za a koma wa, babu kamfanin da ya tsaya wa kayan. Irin wannan ciniki yana ɗauke da wata matsala da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa tun zamanin da abin hawa yake raƙumi ne ko doki, ita ce rashin daidaiton sani tsakanin masu cinikin: mai sayarwa ya san ranar da babur ɗin ya faɗi, ya san sau nawa aka sauke injinsa, ya san irin ƙarar da yake yi da asuba kafin ya ɗumama, alhali mai saye ba shi da abin dogaro sai abin da idonsa ya gani cikin 'yan mintoci da abin da aka ga dama aka faɗa masa. Tambayar da ke gaban mai nazari ita ce matsayin shirun mai sayarwa idan ba a tambaye shi ba, domin kowa ya yarda ƙarya haramun ce, amma ba kowa ya yarda cewa kame baki ma yana iya zama cuta ba.

Masana tattalin arziki sun fahimci nauyin wannan matsala ta wata fuska dabam. A shekarar 1970 wani Ba'amurke mai suna George Akerlof ya wallafa nazari a kan kasuwar motocin hannu, inda ya nuna cewa muddin mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, ba zai taya komai da kuɗin mai kyau ba, wanda hakan ke sa masu kayan kirki su janye daga kasuwa a bar ta ga masu rufa-rufa. Wannan aiki yana cikin abin da ya kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a 2001. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake karya farashin babur ƙirar Boxer mai lafiya saboda kawai mai saye ya riga ya ƙudurta cewa akwai abin da ake ɓoye masa, ya ga wannan bayani a aikace. Sai dai nazarin ya tsaya a kan asarar da kasuwa ke yi, bai shiga batun alhaki ba, kuma batun alhaki shi ne abin da ya dami malaman addini.

Dokokin ciniki guda biyu ne suka haɗu a wannan yanki, kuma tushensu ya sha bamban. Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada daga mulkin mallaka, an gina ta a kan ƙa'idar cewa mai saye ne zai buɗe idonsa, kuma sharaɗin ingancin kaya da ta ɗora ya rataya ne a wuyan wanda sana'arsa ke nan sayar da irin wannan kaya, don haka mutumin da ke sayar da babur ɗinsa na kansa ba a neman ya tona aibinsa matuƙar bai yi ƙarya ba. Fiƙihun Malikiyya kuwa, wanda shi ne aka fi karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ta littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, da Muktasar na Shaihu Halil, ya ɗauki cewa duk ciniki an ƙulla shi ne a kan zaton lafiyar kaya ko da ba a furta ba, saboda haka wanda ya san aibi ya yi shiru ya bar mai saye a kan wani zato da shi ya san ba gaskiya ba ne. A wannan mahanga shirun yana aiki irin na magana, domin da shi aka karɓi kuɗin lafiyayyen babur a kan babur mai ciwo.

Tushen wannan hukunci yana cikin hadisai sanannu. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi, mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai aka tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma kira abin da ya yi algus. Abin lura a nan shi ne mutumin bai furta ƙarya ba, kuma ba shi ya jiƙa abincin ba. Laifinsa ya tsaya ga yadda ya jera kayan. Haka nan akwai hani a kan tara nono a hantsar dabba kwana da kwanaki don mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce, inda aka ba wanda ya saya zaɓin ya riƙe ta ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Malamai sun kira wannan ruɗi na aiki, wato yaudarar da hannu ke yi baki na rufe, kuma misalanta a babur ba su da wuyar samu: zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙarar injin ya rage hayaƙi, ɗumama injin kafin mai saye ya iso don kada ya ga wuyar tashinsa, shafa fenti a kan waldar da aka yi wa karyayyen ƙarfe, ko juya mitar da ke ƙidaya tafiya ta koma baya. Wanke babur da goge shi ba ya cikin wannan, domin tsabta ba ta ɓoye wani aibi, kuma kowane mai saye ya san an wanke.

Ba kowace naƙasa ce shari'a ta kira aibi ba. Ma'aunin da malamai suka kafa shi ne abin da al'ada ta saba ganin kaya babu shi, kuma samuwarsa tana rage kuɗin kayan ko amfaninsa, wanda ke nufin ma'aunin yana tafiya da irin kayan da ake magana a kai. Wanda ya sayi babur ɗin da ya shekara huɗu yana aikin acaba ba shi da hujjar kuka don ya sami sirdi ya kwanta ko taya ta cinye, tun da kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma aibin da ke fili wanda ba ya ɓuya ga mai kallo ba a dawo da kaya saboda shi. Abin da ake magana a kai shi ne wanda ke ɓoye: tsagewar gangar jiki da aka like, injin da ke shan mai fiye da ƙima, giyar da ke tsalle idan an yi nisa, birkin da ke saki idan ya yi zafi. Akwai kuma wani rukuni na uku da Malikiyya suka ware, wato aibin da babu mai iya saninsa, har mai kayan kansa, sai an fasa abin, kamar ɓarnar da ke cikin katako ko ɗacin da ke cikin kokwamba, suka ce ba a dawo da kaya saboda shi sai in an yi sharaɗi. Wasu za su so su shigar da cikin injin a wannan rukuni, amma ƙiyasin ba ya tsayuwa ga wanda ya riga ya ji alamar ciwon a hannunsa watanni kafin ya yanke shawarar sayarwa, domin sassaucin an yi shi ne saboda jahilcin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a cikinsa.

Wurin da fiƙihu ya fi cin karo da al'adar kasuwa shi ne kalmar da masu sayarwa ke kare kansu da ita, wato su ce ga shi nan yadda ka gan shi, in ya fita ba ya dawowa. Malamai suna kiran wannan cinikin barranta, ma'ana mai sayarwa ya wanke hannunsa daga duk aibin da zai bayyana daga baya. Imamu Malik, wanda ya rasu a 179 bayan Hijira, ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Abdullahi ɗan Umar da ya sayar da bawa a kan dirhami 800 bisa sharaɗin barranta, mai saye ya sami wata cuta a jikinsa ya kai ƙara gaban Halifa Usman ɗan Affan, shi kuwa ya hukunta cewa Abdullahi ya rantse bai san da cutar ba lokacin cinikin. Abdullahi ya ƙi rantsuwar ya karɓi bawan, wanda daga baya ya warke har aka sayar da shi dirhami 1,500. Abin da hukuncin Usman ya kafa shi ne sharaɗin barranta ba ya rufe aibin da mai sayarwa ya sani. Malikiyya sun ƙara ƙuntata ƙofar, domin a mashahurin zance na mazhabar barrantar ba ta aiki a sauran kayayyaki, ta tsaya ne a kan bayi kaɗai, su ma a kan abin da ubangidansu bai sani ba, alhali Hanafiyya sun buɗe ta ga kowane kaya da kowane aibi. Sakamakon haka, a ma'aunin mazhabar da alƙalan ƙasar Hausa suka saba hukunci da ita, waccan kalma ta ba ya dawowa ba ta tsare mai babur daga komai, duk yawan mutanen da suka ji ya faɗe ta.

Haka kuma dunƙulallen bayani ba ya wadatarwa. Wanda ya ce wa mai saye, cikin raha, ai wannan tsohon ƙarfe ne, duk jikinsa ciwo, bai bayyana komai ba, domin mai saye zai ɗauki maganar a matsayin tawali'un ɗan kasuwa. Abin da malamai suka wajabta shi ne a nuna aibin in ana iya ganinsa, ko a siffanta shi a faɗi girmansa in ɓoyayye ne. A nan ne wata hikima ta tsarin ke fitowa, wadda masu sayarwa da yawa ba su lura da ita ba: aibin da aka ambata da sunansa, mai saye ya ji ya yarda, ya fita daga wuyan mai sayarwa har abada, a gaban alƙali da kuma a gaban Allah. Kariyar da mutum ke nema ta hanyar ɓoyewa da kalmar barranta, a cikin fayyacewa take.

Idan aibi ya bayyana bayan ciniki, mai saye yana da zaɓi tsakanin riƙe babur a kan kuɗin da ya biya da mayar da shi ya karɓi kuɗinsa, kuma wannan haƙƙi yana nan ko mai sayarwa ya san da aibin ko bai sani ba. Amma mazhabar ta bambanta wanda ya sani ya ɓoye, wanda ake kira mudallisi, da wanda bai sani ba, kuma bambancin yana da nauyi a kan abin hawa fiye da kowane kaya: idan kayan suka halaka ta dalilin aibin da aka ɓoye, asarar tana kan mudallisi, mai saye ya karɓi kuɗinsa cif ko da babu abin da zai mayar. Babur ɗin da aka ɓoye lalacewar birkinsa, ya ƙwace a gangara ya ragargaje, ya faɗa ƙarƙashin wannan hukunci, ba a ma maganar alhakin ƙashin da ya karye ko ran da ya salwanta, wanda babu mayar da kuɗin da zai goge shi. Ta ɗaya ɓangaren, shari'a ba ta bar mai saye ya yi wasa da wannan haƙƙi ba, domin wanda ya gano aibi ya ci gaba da hawan babur yana neman kuɗi da shi, ana ɗaukar aikinsa alamar ya yarda, sai fa matafiyin da larura ta tilasta masa ya ƙarasa tafiyarsa. Kuɗin da ya samu da babur ɗin kafin ya gano aibin nasa ne, ba ya mayarwa, bisa ƙa'idar cewa amfanin kaya yana bin wanda asararsa ke kansa.

Ana iya kawo ƙorafi mai ma'ana a nan, cewa wannan tsari ya mayar da mai sayarwa lauyan abokin cinikinsa, alhali galibi larura ce ta sa shi rabuwa da babur, ko asibiti ko kuɗin makaranta ko hidimar aure, kuma kowace kalma ta gaskiya tana zaftare wani abu daga kuɗin da yake buƙata. Amsar ita ce fiƙihu ya raba sanin kaya da sanin kasuwa. Ba a wajabta wa mai babur ya faɗi nawa ya saye shi ba a cinikin da ake yi ta hanyar tayi da albarka, ba a kuma ce ya sanar da mai saye cewa ana samun irinsa da rahusa a wata kasuwa ba, kuma mashahurin zancen Malikiyya shi ne ba a warware ciniki don kawai an yi tsada, sai ga wanda ya miƙa wuya ya ce bai san farashi ba a sayar masa yadda ake sayar wa mutane. Wasu malaman, kamar yadda yake a Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, sun ba jahilin farashi damar ƙara idan ƙwarar ta kai sulusi kuma shekara ba ta wuce ba. Farashi abu ne da mai saye ke iya bincikowa da ƙafarsa, amma tarihin injin yana cikin kan mutum ɗaya ne kawai, shi ya sa aka ɗora masa nauyin fito da shi.

Nauyin bai tsaya kan mai babur kaɗai ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya kawo a cikin Ihya'u labarin sahabi Wasila ɗan Asƙa'u, wanda ya ga an sayar da taguwa a kan dirhami 300, ya bi mai sayen da gudu yana tambayarsa ko don nama ya saya ko don hawa, da ya ji don hawa ne sai ya gaya masa raunin da ya gani a ƙafarta, aka koma mai sayarwa ya rage 100 yana ƙorafin an ɓata masa ciniki. Matsayin Wasila shi ne matsayin makanikin da aka kira ya duba, da dillalin da ke tsaye yana jiran la'ada, kuma tun da la'ada ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, jarrabawar dillali ta fi ta kowa tsanani. Makanikin da mai saye ya ɗauko, ya karɓi wani abu a ɓoye daga mai sayarwa don ya ce injin garau yake, ya haɗa ha'inci da cin amana; haka abokin da aka ajiye ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, aikinsa shi ne najashi da aka hana.

Aibin da ya fi kowane girma a babur na hannu shi ne ya kasance ba na mai sayarwa ba ne. Hukuncin da malamai ke kira istihƙaƙi ya tanadi cewa idan mai kaya na asali ya bayyana da hujja, zai karɓi abinsa daga hannun wanda ya saya ko da da zuciya ɗaya ya saya, shi kuma ya bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa, wanda a aikace sau da yawa yake nufin bin mutumin da ba a san gidansa ba. Dokar laifuffuka ta Arewacin Nijeriya ma ta hukunta karɓar kayan sata ga wanda ya sani ko yake da dalilin zato, kuma Hausawa sun riga sun raɗa wa mai wannan sana'a suna ɓarawon zaune. Wannan ne ya sa rasit ɗin asali, da takardun rajista, da gwada lambar injin da lambar da aka buga a gangar jiki da abin da ke rubuce, suka zama ɓangare na cinikin kansa. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. Jumhurun malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, Ɗabari da Ibn Hazm suka ɗauke shi wajibi, amma a kayan da ake iya sacewa cikin minti guda a kuma aikata laifi da shi, wanda ya bar rubutu ya bar kansa a fili. Takardar da ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, da ranar ciniki, da lambobin babur, da kuɗin da aka biya, da aibobin da aka faɗa ɗaya bayan ɗaya, da sa hannun shaidu biyu ko na mai unguwa, tana kare mai saye daga zargin sata, tana kuma kare mai sayarwa ranar da aka tsinci babur ɗin a wurin da bai kamata ba alhali takardun hukuma suna ɗauke da sunansa.

Game da karɓar kuɗi, mazhabar ta ba mai sayarwa haƙƙin riƙe kayansa har a biya shi, kuma idan aka yi jayayya a kan wa zai fara miƙawa, mai saye ne ake tilasta wa. A zamanin tura kuɗi ta waya, biya yana tabbata ne idan kuɗin sun zauna a asusu, domin saƙon alat ana iya ƙirƙirarsa. Gwajin hawa yana da gurbi a fiƙihu ƙarƙashin cinikin zaɓi, inda aka ƙayyade wa dabba kimanin kwana uku, amma babu abin da ya hana mai babur sharɗanta cewa a gwada shi a gabansa, da rana, cikin mutane, ko a ajiye kuɗin a hannun amintacce kafin a karɓi makulli. Kafin alƙalami kuwa, idan ma'anarsa kuɗin da za a cinye in mai saye ya fasa, Malikiyya sun hana shi Hambaliyya sun halatta, kuma hanyar da ta kuɓuta daga saɓanin ita ce a yi sharaɗin mayar da shi in ciniki bai faɗa ba.

Saura tambayar wanda ake sayar wa, wadda a da ba ta da nauyi a cinikin abin hawa, amma halin tsaro ya ba ta nauyi. An hana hawan babur a Maiduguri a 2011, an hana acaba a Kano a farkon 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, an hana zirga-zirgar babura a yankin Diffa na Nijar a 2015, kuma a 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina sun ƙuntata amfani da shi saboda 'yan bindigar daji. Malikiyya sun yi fice da ƙa'idar toshe kafa, wato hana halattaccen abu idan ya zama hanyar ɓarna, kuma a kanta suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, da makami ga masu tayar da fitina. Hanin ya rataya ne a kan sani ko zato mai rinjaye, don haka ba a neman mai babur ya tuhumi kowane baƙo ko ya ƙi mutum saboda ƙabilarsa ko shigarsa, wanda hakan zalunci ne na daban. Amma mai sayen da bai taya ba ya biya fiye da ƙima, ya ce ba ya buƙatar takardu, ya ƙi faɗin garinsu, ya ƙi a kira shaida, ya nemi a kai masa babur ɗin bayan gari da almuru, ya tara alamun da malamai ke kira ƙarina, wato shaidar da hali ke bayarwa, kuma da irinsu ne zato ke rinjaya har cinikin ya haramta a kan mai sayarwa.